Dogon Hannu a Kan Biyar

Kafin mai wasa da jirgi ya hau jirginsa, sai ya yi rawarsa a ƙasa tukuna. Zai zagaya bayan rumfar jirage inda babu 'yan kallo, ya rufe ido, ya miƙa tafin hannunsa ya mai da shi jirgi, sannan ya taka wasan tun daga farko har ƙarshe. Nan zai hau, nan zai kife, nan zai yi alkafura ya fito ta ƙasa. Baƙo idan ya gani sai ya zaci mutumin ya taɓu. 'Yan hannu kuwa ba sa yi masa magana har sai ya buɗe ido, ko da matarsa ce ta zo da saƙo.

Safiyar Asabar ɗin nan Odile Fontenot ce take rawa a bayan rumfa ta biyu, a filin jirgin Harlan Butte, can bisa tudun Wyoming. Mace ce gajera mai faɗin kafaɗa, ta ɗan haura talatin. Daga Louisiana ta zo, inda gonakin shinkafa ke kwance daidai da teku, kuma tun tana budurwa take yi wa gonakin nan feshi ta sama. Wasan jirgi daga baya ya shiga ranta, ya kuma ƙi fita.

Mutum biyu ne ke kallonta. Ɗaya Kawu Alcide ne, ƙanen mahaifiyarta, shi ne makanikinta, shi ne kuma mai dafa mata abinci a hanya. Yana jingine da ganga yana goge hannu da tsumma. Ɗayan kuwa tsoho Wendell Krogstad, zaune a kujerarsa ta ninkewa, da kofin gahawa bisa gwiwa.

Wendell na cikin 'yan tsirarun dattawan da hukuma ta amince su duba masu wasa, su ce wa mutum iya nan za ka sauko, kada ka wuce. Sabon shiga ba ya yin ƙasa da ƙafa ɗari takwas. In ya nuna hankali a mai da shi ɗari biyar, daga nan ɗari biyu da hamsin, daga nan sai ƙasa sosai, har farfelarsa ta kaɗa ciyawa. Odile ta daɗe maƙale a ɗari biyar. Manyan filaye kuwa ba sa gayyatar wanda sai jama'a sun ɗaga kai hula ta faɗi kafin su hango shi.

Bara ta yi wasa a gaban Wendell a wani fili a Texas, tun daga tashi har sauka babu inda ta kuskure. Da ta sauko ya miƙa mata hannu ya ce, "Kin yi kyau, Fontenot. Amma a'a." Ta tambaye shi dalili, ya ce bai gama ganinta ba. Iyakar abin da ya faɗa ke nan, ya naɗe kujerarsa ya tafi.

Ran da za su baro gida ta gaya wa Kawu abin da ta yanke. In tsohon ya sake cewa a'a, za ta sayar da jirgin wasan ta koma feshi, magana ta ƙare. Kawu ya ci gaba da loda kaya a mota.

Yanzu tana tsakiyar rawa, ta zo wurin da ake hawa kafin babbar kifewa. Ta ɗaga hannu sama tana tafiya. Ta ɗan dakata kamar za ta juya tafin, sai ta ƙara gaba, ta ƙara, har ta kusa cin karo da shingen waya. Leɓenta na motsi. A nan ta kife hannun, ta zagayo da shi ƙasa.

Wendell ya kurɓi gahawarsa.

Ƙarin tafiyar nan tana da dalili. A gida, kafin ta tashi, takan murɗa ɗan maɓallin agogon tsayi har hannayensa biyu su tsaya a sifiri. Gajeren hannu na faɗin dubbai, dogon na faɗin ɗaruruwa, abin da agogo ya ce kuwa shi ne tsakaninta da ƙasa. Jiya da ta sauka a Harlan Butte ta murɗa maɓallin, ta murɗa, ya kai ƙarshensa ya ƙi gaba. Garin ya yi tudu da yawa. Jirgi na tsaye a kan tayoyinsa, agogo na cewa dubu shida da ɗari huɗu, kuma babu yadda za a yi da shi. Duk lissafin da ke kanta sai da ta sake shi.

Kifewar ce ta fi damunta. Ana hawa, a juya jirgi rigingine, a ja hancinsa ƙasa ya yi rabin da'ira, ya fito yana fuskantar inda ya baro. A gida tana farawa a dubu ɗaya da ɗari biyar, lokacin dogon hannu ya miƙe a kan biyar yana nuna ƙasa. Jirgi ya cinye ƙafa dubu, ta fito a ɗari biyar cif. A nan kuwa iska ba ta da kauri, fiffike ba ya samun abin kamawa sosai, jirgi zai cinye dubu da rabi kafin ya miƙe. Suka zauna da Kawu suka yi lissafin: sai agogo ya ce dubu takwas da ɗari huɗu. Ƙasa da haka babu kifewa. Jiya da yamma ta gwada, ya fita daidai. Lokacin ba a gama ɗaura lasifikoki ba, saboda haka babu kiɗa ta yi.

Ko da ta buɗe ido Wendell ya riga ya naɗe kujerarsa ya nufi rumfar da matan cocin garin ke soya wa matuƙa fanke. Ita da Kawu suka bi bayansa, can suka tarar da Royce Tillman ya baje a benci. Royce dogo ne mai gashin baki kamar ƙahon sa. Ya daɗe da samun izinin sauka har ƙasa, kuma shi ke rufe taro, yana yanke zaren da aka ja tsakanin sanduna biyu da jelar jirginsa a kife.

"Ga 'yar fadama nan," in ji shi. "Yaya numfashi? Jiya na ga kawunki ya hau 'yar matakala ya zauna yana haki kamar karen da ya bi zomo."

"Ni haki na yi," Kawu ya ce. "Kai da ka saba, me ya hana iskar ta kai maka ƙwaƙwalwa?"

"Ji tsohon banza. Ku can iskarku kamar kunu take, ko tukunya aka jefa sama sai ta tashi. Ta nan ruwan shayi ce, 'yar fadama. Sai kin roƙe ta."

"Na roƙe ta jiya," Odile ta ce. "Ta amsa."

"Jiya da sanyin yamma. Yau ki ga rana." Ya tura mata farantin fanke, ya ɗan rage murya. "Tsoho ya ce miki wani abu?"

"Ya sha gahawa."

"To alheri ne. Ni ran da ya duba ni zubar da ita ya yi."

Da safe aka sa ta a jeri, amma masu dirowa da laima suka makara, aka yi ta tura kowa gaba har nata lokacin ya faɗa tsakar rana. Kwalta ta yi laushi. Makiyaya da iyalansu sun cika bayan igiya, wasu bisa motocinsu, yara na gaigayar masara. Ƙetaren titin jirgi gonar ciyawa ce da aka yanke aka naɗe manyan dammuna masu zagaye, an bar su a warwatse. Daga can iska ta juyo tana busowa wajen jama'a. Ba ta da ƙarfi, amma ta isa ta tura jirgi kan layin da doka ta hana a ƙetare.

Kawu ya hau fiffike ya ja mata maɗaurai har sai da ta yi nishi. Ya cusa wayar kiɗa a jikin hular kwanonta. Kiɗan nasa ne, shi ya goga gogen da kansa a barandar gidansa tare da abokansa, kuma a kansa ta gina wasanta gaba ɗaya. Lasifikoki za su watsa wa jama'a, ita kuma ta ji a kunne. Akwai wurin da gogen ke hawa, yana hawa, har ya yi kuka siriri ya karye. A gida, daidai karyewar nan take kifewa.

"Nawa?" ya tambaye ta.

"Takwas da huɗu."

"Gogena fa?"

"In ya karye in ƙyale shi, in ci gaba da hawa."

"Ki ƙyale shi, 'yar nan. Ba yau aka fara ba, matata tun da na aure ta take ƙyale shi." Ya ɗan bugi hularta da tafin hannu, ya yi alamar gicciye a ƙirjinsa, ya sauka.

Jirgin ya ci titi fiye da jiya kafin ya bar ƙasa. Ta ji shi a hannu, ya yi nauyi kamar wanda aka tasa daga barci. Ta ba shi lokaci ya hau, ta kunna hayaƙin da ke zana hanyar jirgi a sama, goge ya shigo kunnenta, ta faɗa filin wasa.

Farkon wasan ya tafi sumul. Ta mirgina dama, ta mirgina hagu, ta miƙe sama tsaye har jirgi ya rasa gudu ya juyo bisa fiffikensa. Kowane juyi sai ta ba shi sarari fiye da na gida, jirgin kuma yana bi. Ta sauko ta ratsa gaban jama'a a kan iyakarta, ta ɗaga hanci ta fara hawan kifewa.

"Fontenot, kina matsowa layi," in ji mai kula da fili a rediyo. "Koma waje kaɗan."

Ta waiga bisa kafaɗa. Gaskiya ne, iska ta turo ta, igiyar jama'a ta kusa shiga ƙarƙashin fiffikenta. Ta karkata, ta taka abin juya jela da ƙafar dama, idonta a kan layin har ya koma inda ya kamata. Tana cikin haka goge na hawa a kunnenta, yana hawa. Ya yi kukansa siriri ya karye. Idonta ya faɗa kan agogo. Dogon hannu na miƙe a kan biyar, yana nuna ƙasa, inda ta saba ganinsa tun ran da ta fara wannan wasa.

Hannunta bai yi shawara da ita ba. Ya kife jirgin, ya fara ja.

Ƙasa ta koma bisa kanta. Ta ɗaga ido ta cikin gilashi, kamar kullum, don ta ga inda za ta fito, sai ga dammunan ciyawa. Jiya daga wannan wuri kamar kashin awaki ta gan su. Yau kuwa kamar ganguna suke, har tana ganin naɗin da ke bakinsu. Mutumin da ya yi rabin rayuwarsa yana shawagi bisa gonaki ya san girman abu a ƙasa. Ta sake duban agogo, wannan karon duka hannayen biyu. Gajeren yana tsakanin bakwai da takwas. Jirgin bai hau kamar na gida ba, iska ta hana shi, kiɗa kuwa bai jira ba. Tsakaninta da ƙasa dubu ɗaya da ɗari ɗaya ne, abin da ta fara kuma yana bukatar dubu da rabi.

Hanci ya riga ya fara faɗawa. Akwai wata murya da kowane mai wasa ya sani, tana fitowa daidai wannan wuri, tana cewa ja da ƙarfi kawai, za ka fita. Odile ta ji ta sarai. Ta kuma san in ta fizgi sandar tuƙi a wannan iska maras kauri, fiffike zai saki, jirgi ya zama dutse. Muryar ta ƙara da cewa ga jama'a, ga tsoho a kujerarsa, in kika fasa kin nuna musu da kanki. Duk wannan bai kai numfashi ɗaya ba.

Ta daina ja. Ta buga sanda gefe, duniya ta juyo, sama ta koma sama. Hanci na kallon gonar ciyawa, dammuna na girma. Ta fara ja a hankali. Fiffike ya yi rawa, ta sassauta, ya kama, ta sake ja. Gona ta zame ta koma ƙarƙashinta. Ta miƙe daidai kan iyakarta, tana fuskantar inda bai kamata ta fuskanta ba, jama'a na bayanta.

Ta kashe hayaƙi.

"Na fasa," ta ce a rediyo. "Kuskurena ne. Jirgi lafiya."

"Mun gani. Za ki sauka?"

Ta dubi hannunta a kan sanda. Goge na nan yana ta yi a kunnenta, ya wuce gaba abinsa. Ta kai hannun hagu ta zare wayar. Sai ƙarar inji kaɗai.

"Ba ni zagaye ɗaya."

"Sama taki ce."

Ta yi nisa, ta zagaya ta bisa kogi tana jan numfashi. Shi ke nan, ta ce a ranta, tsoho ya gani da idonsa. Jirgin zai tafi kasuwa. Abin mamaki, da ta yarda da haka sai ta ji ƙirjinta ya yi sakayau. In wannan ne wasanta na ƙarshe, to ba za ta bar shi a yanke ba.

Ta dawo ta kunna hayaƙi, ta ɗaga hanci. Dogon hannu ya zo kan biyar, ta dube shi ta wuce. Jirgin na ta fama, tana ba shi haƙuri. Gajeren hannu ya haye takwas, dogon ya tako har huɗu.

"Takwas da huɗu," ta faɗa da baki.

Ta kife. Dammuna sun koma kashin awaki. Ta ja, jirgi ya zagayo a natse, nauyi ya danne ta a kujera, ta fito gaban jama'a a ɗari biyar, hayaƙi ya zana rabin da'ira fari tas a bayanta. Sauran wasan babu kiɗa ta yi shi, tana karanta agogo da baki kafin kowane juyi. Ba ta taɓa jin jirgin ya bi hannunta kamar haka ba.

Ko da ta sauka ta kashe inji, tafin jama'a ya shigo mata. Mafi yawansu ba su san an yi wani abu ba. Mai lasifika ya gaya musu wai ta manta jakarta ce ta koma ɗaukowa, suka yi dariya suka yarda.

Kawu ya hau fiffike. Ya kama maɗauri zai kwance, ƙarfen ya ƙi buɗe masa. Ita ta kwance da kanta, ta riƙe masa hannu.

Royce na tsaye a ƙasa cikin jar rigarsa ta wasa, da gorar ruwa. Ya miƙa mata, ya jira ta sha.

"Mutum uku na gani da idona sun kife a wannan tsayin," ya ce. "Ke kaɗai na kawo wa ruwa." Ya murza gashin bakinsa. "Kada ki saba, 'yar fadama, ni ba yaronki ba ne. Tsoho na bayan rumfa, ke yake jira."

Wendell na zaune inda ya zauna da safe. Kofin na ƙasa kusa da ƙafarsa. Ba ta duba ko sha ya yi ko zubarwa ba.

"Taka mini, Fontenot," ya ce. "Abin da kika yi, ba abin da kika shirya ba."

Ta miƙa tafin hannu ta taka masa. Ta nuna inda iska ta ture ta, inda ta waiga, inda goge ya karye. Ta kife hannun a tsakiyar fili, nesa da shingen waya. Ta nuna hanci na faɗawa, ta nuna juyowar.

"A ina kika gane?"

"Ciyawa ta yi girma, yallaɓai."

"Agogo fa?"

"Na duba shi kafin in kife. Rabinsa na duba."

Ya gyaɗa kai. "Me ya hana ki ja?"

"Na so in ja."

"Na san kin so. Kowa yana so. Me ya hana, nake tambaya."

"Lissafin bai kai ba."

"Jama'a na kallo fa. Ni ma ina kallo."

"Ku ba kwa cikin lissafin, yallaɓai."

Tsohon ya dubi gonar ciyawa. Jirgin Royce ya tashi da ƙugi, Wendell ya jira ƙarar ta yi nisa.

"Na gaji da zuwa jana'iza," ya ce. "Kuma babu raggo ko ɗaya a cikin waɗanda muka binne. Da yawa sun fi ki hannu, wasu sun fi ni. Wani ya manta da zafin rana. Wani ya zo da lissafin gidansu ya yi amfani da shi a gidan wasu, kamar ke yau. Irin wannan kowa yana yi, mai shekara ɗaya a sana'ar da mai shekara talatin. Sai kuma su samu ɗan lokacin nan da kika samu, su gane, su ci gaba da ja." Ya sunkuya ya ɗauki kofinsa. "Bara na ga yadda kike in komai ya tafi daidai. Ban san yadda kike ba ran da bai tafi ba. Mutumin da ban san wannan a kansa ba, ba na matsar da shi kusa da ƙasa."

Odile na tsaye, hannunta har yanzu a miƙe kamar jirgi.

"Ɗari biyu da hamsin," in ji Wendell. "Ranar Litinin zan aika wa hukuma. Amma kafin ki sake zuwa tudu, a sa wa jirgin nan agogon da ke komawa sifiri a ko'ina. Kiɗan kuma ko a gyara shi ko a bar shi a gida."

"Yallaɓai, na ɗauka..."

"Na san abin da kika ɗauka. Sauke hannun, kin sauka."

Ya naɗe kujerarsa ya tafi, kamar bara.

Ba ta san ta zauna a ƙasa ba sai da ta ji zafin tsakuwa. Kawu ya leƙo daga kusurwar rumfa, inda ya laɓe yana saurare.

"To," ya ce, "ashe ba ni da hutu. Ni da na fara neman wanda zai sayi akwatin kayan aikina."

"Ƙarya kake, Kawu."

"Ƙarya nake," ya ce, yana share ido da tsumman mai, ya bar baƙi a kumatunsa.

Da la'asar, bayan jama'a sun watse, ya ɗora tukunya a bayan motarsa, ya haɗa miyar kuɓewa irin ta gida da shinkafa. Matuƙa suka biyo ƙamshi ɗaya bayan ɗaya, kowa da kwanonsa. Royce ya ci cokali biyu ya fara hawaye, ya ce wannan ba abinci ba ne, man jirgi ne, ya miƙa kwano a ƙara masa. Wendell ma ya zo ya kafa kujerarsa a gefe, aka zuba masa ya karɓa.

Kawu ya shiga mota ya fito da gogensa. Ya ɗaure tsirkiya, ya gwada, ya dubi Odile.

"Tashi ki taka, 'yar nan. In ga har ina za ki kai ni."

Ta ajiye kwano ta miƙe. Ta rufe ido, ta miƙa tafin hannu. Hira ta mutu nan take, don ba a yi wa mai rawa magana. Ta ratsa gabansu, ta ɗaga hannu ta fara hawa, goge na hawa tare da ita. Ya kai wurin da ya saba karyewa, bai karye ba. Kawu ya riƙe kukan nan siriri, ya ja shi, ya ja, fuskarsa ta yi ja wur, gumi na bin wuyansa, ita kuma tana tafiya a hankali da gangan, bakinta na murmushi.

"Za ta kashe tsohon nan," Royce ya raɗa.

Yatsunta suka taɓa shingen waya.

"Takwas da huɗu," ta ce.

Sai a lokacin goge ya karye. Ta kife hannun, ta zagayo da shi ƙasa, ta fito tana fuskantarsu, ta buɗe ido. Matuƙa suka shiga buga cokula a kwanoni. Kawu ya zube bisa ganga yana haki, yana cewa a ba shi ruwa kafin a ba shi yabo. Wendell bai buga komai ba. Ya dai miƙa kwanonsa wajen tukunya, Odile ta karɓa ta cika masa.